Sallamar da Aka Amsa Mini a Saman Sudan

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Allah ya ƙara basira.

Ina yaro mahaifina ya bar ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, ya nufi Makka da ƙafa. Bai dawo ba. An ce a Sudan ya rasu.

Bana na hau jirgi daga Kano zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ta koma tsakanin hantsi da la'asar. Da aka ce muna saman Sudan, na yi wa mazauna kaburbura sallama. Wallahi, na ji an amsa: "Wa alaikas salam, Ɗanjuma." Mahaifina kaɗai ke kirana haka, maƙwabcina kuwa barci yake.

Yayata tana kwance rai a hannun Allah, kullum tambayarta ko na samo labarinsa. Malamai, in gaya mata, ko waswasin Shaiɗan ne?

Naku, Malam Isiyaku.