An Dawo Mini da Gonata

Assalamu alaikum. Shugaban taro, wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, manoman Kwanyawa da baƙinmu na Beli da Yammedi, ina gaishe ku duka. Na gode da minti biyar da aka ba ni. Na daɗe ina neman su.

Sunana Mijinyawa, tsohon malamin gona. Ranar Asabar, sha biyar ga Yuni, 2019, na shuka tiya huɗu ta gyaɗa mai yaɗo a gonata ta bakin rafi. Irin mahaifina ne, shi ma a wurin mahaifinsa ya gada. Matata Tasalla ce ke adana shi a tulu, cikin toka.

Kafin nan na ba Shitu aron gonar shekara uku. Ga shi can a layi na biyu, ina yini Malam Shitu. Masara ya noma, kuma ya noma ta da kyau. A jikin kwalbar maganin ciyawa an rubuta murfi ɗaya, shi yana zuba uku. Na yi masa magana, ya ce, "Baba, ku a takarda kuka yi noma. Ciyawar yanzu ba ta jin murfi ɗaya."

Gyaɗata ta tsiro. A mako na uku ganyen ya yi rawaya daga gefe, a na biyar ta bushe a tsaye, ana tsakiyar damina. Na tona ƙasar da hannuna, ko tana ɗaya ban gani ba. Na san abin da ya faru, domin ni da bakina na koya wa mutane cewa maganin yana kwana a ƙasa. Ina da sanin, na shuka duka huɗun. Wannan laifina ne.

Na kai ƙara wurin mai unguwa na lokacin, Allah ya ji ƙansa. Ya ce, "Malam, an ci maka iyaka?" Na ce a'a. "An sare maka bishiya?" Na ce a'a. Ya ce, "To ai an dawo maka da gonarka." Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

Yau za a raba injinan feshi, ina taya ku murna. Roƙona biyu ne. Na farko, mai mayar da gonar aro ya faɗi abin da ya zuba mata, da yawansa, a gaban shaidu, kamar yadda ake nuna iyaka. Na biyu, kada kowa ya zuba irinsa duka a gona ɗaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare ƙasarmu da zuriyarmu, ya mai da kowa gida lafiya, har da Malam Shitu.

Gonar tana nan, iyakarta daidai. Gyaɗar kuwa na neme ta gida gida daga Karaye har Rogo, babu mai ita. Tulun Tasalla ruwa ake zubawa a ciki yanzu.

Na gode.