Safar Hannu a Asibitin Fata

A kan bencin asibitin fata wani direba ya zauna rungume da gyalen 'yarsa, an shiga da ita ɗibar jini. Matar da ke gefensa, hannuwanta cikin safa duk da zafin da ake yi, ta dube shi.

"Malam, jikin naka ne?"

"'Yata ce, Hajiya. Man bilicin. Fuska ta ƙone, yanzu kuma ƙafafu sun kumbura. Likita ya ce an yi bincike, akwai gubar da ke ratsa fata ta sauka a ƙoda. Masu haɗa man nan, Allah ya isa!"

"Kada ka yi saurin Allah ya isa. Da ƙafarsu 'yan matan suke zuwa wurin masu haɗawar, suna kuka a taimake su. Yarinya ba ta tsanar fatarta haka kawai. Me kuke kiranta a gida?"

Ya sunkuyar da kai. "Gawayi. Wasa ne fa, tun tana goye nake ce mata haka."

"Kai ne kake wasa."

"To ke, ya aka yi kika san suna kuka?"

Ta zare safar a hankali. Yatsun sun yi jajir, fatar duk ta saluɓe.

"Shekara tara ina dama man nan da hannu. Ban taɓa shafawa a fuskata ba, amma ƙodata ɗaya ta riga ta tafi."

Nas ta leƙo. "Baban yarinya? Likita yana son ganinka. Kai kaɗai."

Ya miƙe, gyalen ya faɗi ƙasa. Matar ta ɗauka ta miƙa masa, ya tsaya yana kallon hannun.