Tsarabar da Aka Sa wa Sharaɗi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Habu, ma'aikacin gonar dabino a Awali, nan Madina.

'Yata Zainab ta je ƙaramar hukumarmu a gida neman takardar shaidar asali don shiga makarantar jinya. Jami'in da ke ba da takardar ya ce sai ubanta ya aiko masa tsarabar dabinon ajwa tukuna. Wallahi raina ya ɓaci! Na ce ta kai ƙara hukumar ɗa'ar ma'aikata, ai aikinsu ke nan a doka. Suka kira shi, suka ce tsarabar da aka sa wa sharaɗi sunanta cin hanci. Ranar ya sa hannu, ya kuma sha gargaɗi.

Jama'a, ku daina tsoro. Ina gaida Zainab. Ajwar kuwa gida na aika wa Zainab, maƙwabta suka cinye!