Jar Mota da Jakuna Biyu

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Bello, malamin firamare a Bodinga.

Cikin tsadar rayuwar nan na sayar da albasata kaf, na sayi jar mota mai ƙofa biyu, ta hannu, wajen wani dillali. Ashe baƙin mai mai kauri ya ɗura mata don ɓoye ƙarar inji. Ko garin Shagari ban kai ba injin ya buga. Da na koma, sai ya ce, "Malam, ciniki ya faɗa, sai haƙuri."

Yanzu ga shi ya fito takara, yana neman ƙuri'unmu. Ranar taronsa, wallahi jakuna biyu za su ja motar nan, da hotonsa a gilashi, mu zagaye kasuwa. Ina da jaki guda. Masu sauraro, wa zai ara mini na biyu?