Ranar da Suka Ƙi Karɓar Kayan Baba

'Yan'uwana cikin Ubangiji, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda muka yi bikin haihuwarsa makon da ya wuce.

Sunana Rifkatu, 'yar Usta Ishaya na Umbadda. Fasto ya ce in tashi in ba da shaida, na ce masa idan na tsaya da baki kawai kuka zai ci ƙarfina, shi ya sa na rubuta. Ku yi haƙuri da ni. Akwai kuma wuraren da ba zan ambaci sunansu ba, kun san dalili.

Saboda baƙin da ke cikinmu, babana makanike ne a wani gareji a unguwar Alshajara, shi ya sa ake ce masa Usta. Daga Nijeriya suka zo nan Khartum shi da Mama tun kafin a haife ni, ya kama aiki, suka zauna. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba idan aka miƙo masa abin da ya lalace. Famfo ne, keken ɗinki ne, rediyo ne, sai ya buɗe ya duba. Da damina wani abokin aikinsa ya kawo masa ƙaramin injin buga takardu, ya ce ya tsaya. Baba ya gyara. Bai tambayi abin da ake bugawa da shi ba.

Ran da suka zo muna cin abincin rana. Wata boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta tsaya a ƙofar gida, wasu mutane cikin kayan gida suka shigo ba sallama. Suka ce tambaya ce kawai, ba zai daɗe ba. Baba ya wanke hannu, ya ce wa Mama, "Saratu, rufe mini nawa, yanzu zan dawo." Ya fita da silifas.

Mama ta rufe kwanon. Har abincin ya lalace ba ta yarda an taɓa shi ba.

Fasto da dattawa sun yi yawo, Allah ya sāka musu. Ofishin 'yan sanda, asibitoci, ko'ina amsa ɗaya ce: ba mu san shi ba. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, a lokacin ban san addu'a ba. Ina zuwa sujada, ina cikin mawaƙa, amma bangaskiyar ta Baba da Mama ce, ni ina raɓe ne a inuwarsu. Na gama sakandare, hankalina yana kan jami'a da irin takalmin da zan sa. Da aka ɗauke Baba na duba cikina ban sami komai ba sai tsoro. Ko mota ce ta wuce a layinmu sai in zabura.

Hajja Kaltume ce ta nuna mana hanya. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka, suka tsaya a nan. Ita ta kula da Mama lokacin da ta haife ni, kuma an taɓa ɗauke mata ɗa, don haka ta san abin da ba mu sani ba.

Ta ce wa Mama, "Ke Saratu, ku bar yawon tambayar nan, ba mai gaya muku. Ki ɗaure masa kaya masu tsabta. Akwai wata ƙofa a Khartum, da 'yar taga a jikinta. A miƙa kayan, a faɗi sunansa. In sun karɓa, yana hannunsu. In suka miƙo miki masu datti, yana da rai, tun da shi ya tuɓe su."

Mama ta ce, "In suka ƙi karɓa fa, Hajja?"

Hajja ta gyara tob ɗin da ta yi lulluɓi da shi, ta ce, "Ke dai ɗaure kayan tukuna."

Larabcin Mama na cefane ne kawai, ga ciwon ƙafa, don haka ni aka aika. Daga Umbadda in hau mota, mu ƙetare gada, in sauka kasuwar Suk al-Shabi, in sake hawa wata. A bakin ƙofar nan na tarar da mata a layi, kowace da ƙunshinta. Akwai matan likitoci, akwai matan leburori, akwai na Kudu, akwai na Arewa. Ba a hira sosai a layin nan. Sai dai idan rana ta yi zafi wata ta miƙo miki ruwa ba tare da ta tambayi sunanki ba.

Na miƙa, na faɗi sunan Baba. Aka karɓa. Bayan dogon jira hannu ya fito ta tagar da jallabiyar da ya bar gida da ita.

A cikin mota na cusa fuskata a ciki. Warin gumi ne kawai da ƙura. Ni da nake ƙorafin wankin kayan garejinsa, ina cewa baƙin mai yana ɓata mini hannu, ranar na rungume dattin nan har Umbadda kamar wani zai ƙwace.

Haka muka riƙa yi kowane mako. Idan na dawo, Mama ta shimfiɗa tabarma ta baje kayan, mu zauna muna dubawa kamar masu karatu. Wuyan riga, aljihu, gwiwar wando. Ƙullin zariyar wandonsa yana ta matsawa ciki, a nan muka san yana ramewa. Wata rana muka ga busasshen jini a bayan riga. Mama ta ce, "Sauro ne." Ni da ita mun san ba sauro ba ne. Ni na wanke, ban bari ƙanwata Tabita ta gani ba.

Ni ke wanki da guga, Mama kuma ta turara su da turaren wuta kafin ta ɗaure. Na ce mata, "Mama, a wurin nan wa zai ji ƙamshi?" Ta ce, "Mai kayan."

Sanyi ya shigo, Kirsimati ya matso. A satin bikin na je kamar kullum, har da rigar sanyi a cikin ƙunshin. Na miƙa, na faɗi suna. Mutumin ya shiga ciki, ya dawo, ya turo mini ƙunshin yadda na ɗaure shi.

Ya ce, "Ma fi zol bel isim da." Wato babu mai wannan suna a nan.

Na ce, "Ya ammi, baffana, makon jiya fa kun karɓa. Ishaya, makanike. Don Allah ka sake dubawa."

Ya ce, "Matsa, yarinya, akwai mutane a bayanki."

Na sha ganin yadda matan layin nan suke buɗe wa mace hanya idan an mayar mata da ƙunshi, ba mai kallon idonta. Ranar ni aka buɗe wa.

Ban san yadda na ƙetare gada ba. Da na iso layinmu na kasa shiga gida, na faɗa gidan Hajja Kaltume da kayan a ƙirjina. Tana ganina ta ajiye tsintsiya.

Na ce, "Hajja, ki ɓoye mini su a ɗakinki. In ce wa Mama sun karɓa, masu dattin ne ba su fito ba."

Ta riƙe fuskata da hannu biyu. "A'a, ya bitti, 'yata. Mijinta ne. Ba ke za ki ɗauki wannan ke kaɗai ba. Kuma ki ji, wani lokaci canja musu wuri ake yi. Wani lokaci." Ba ta ƙarasa ba. Ta ja hannuna muka shiga tare.

Mama ta karɓi ƙunshin, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta kai shi kan gadon Baba ta ajiye, ta fito ta ce wa Tabita ta hura wuta.

Washegari na tashi na tarar tana kwaɓa fulawar ka'ak, irin biskit ɗin da muke gasawa kowace Kirsimati. Kun san yadda sukari ya yi wuya bana. Hajja ce ta miƙo nata ta kan katanga, tana cewa, "Da Sallah ku kuka cika mana tire, kada ki yi mini musu." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Mama, wa zai ci? Ba mu san ko yana duniya ba, ke kina kwaɓa fulawa?"

Ta ce, "An haifi Yesu ko ba a haife shi ba?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba da kwaɓinta.

"To miƙo mini dabinon can. Babanki mai dabino yake so."

Ni na ɗauki tire zuwa furun, gidan burodin unguwa inda ake gasa wa mata. Aka ce in jira layi. Na zauna a gindin bango. A nan ne, 'yan'uwa, a bayan gidan burodi, tsakanin buhunan gawayi, na yi addu'a ta farko da zan iya cewa tawa ce. Ba ta da tsari. Na ce, "Yesu, ban iya ba. Mama ta san ka, ni ban san ka ba. Sun mayar mini da rigar sanyinsa, ba ni da hanyar kai masa. Idan yana da rai, kai ka rufe shi. Idan kuma ya riga ya zo wurinka, kada ka bar Mama tana jira har ta tsufa, ka nuna mana. Na gaji da riƙe shi. Ga shi nan, ka karɓa, kai ba ka mayar da ƙunshi."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Tsoron ma bai tafi duka ba. Amma da mai furun ya kira ni, na ɗora tire mai zafi a kan gammo na kai gida, ko ɗaya bai faɗi ba. Ranar na ci abinci har na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Ana gobe Kirsimati, wajen la'asar, ina shara a tsakar gida sai na ji amalanken mai ruwa ya tsaya a ƙofa, yana buga ganga da sanda. Na leƙa na ce, "Mun saya da safe." Ya ce, "Ba ruwa na kawo ba." A gefen gangar akwai wani tsoho a zaune, kansa a aske, gemu fari fat, ƙafa ba takalmi. Na kalle shi na kau da kai. Sai idona ya sauka kan aljihun jallabiyarsa, inda na yi faci da shuɗin zare domin farin ya ƙare mini.

Na gane rigar kafin in gane ubana.

Ya ce, "Rifkatu, ba za ki taimake ni in sauko ba?"

Yabo ga Ubangiji! Ban san irin ƙarar da na yi ba, sai dai na ga Mama ta fito da ludayi a hannu, ita da take ɗingishi ranar da gudu ta zo. Ta tsaya a gabansa ta kasa taɓa shi. Shi ya kama hannunta, ya ce, "Saratu, na ɗan daɗe." Hajja Kaltume ta rangaɗa guɗa ta kan katanga, kafin a jima gidanmu ya cika.

Ashe canja musu wuri aka yi, daga baya aka zuba su a mota ido a ɗaure, aka sauke su a fili can yamma da Umbadda inda gidaje suka ƙare. Ya yi ta tafiya har ya iso inda masu amalanke ke ɗiban ruwa. Wannan bawan Allah da ya kawo shi ya gane muryarsa, domin Baba ya taɓa yi masa walda a gangarsa.

Da ya yi wanka, Mama ta kwance ƙunshin nan da aka mayar mini, ya sa kayan. Ya sunkuya ya shaƙi hannun rigar, ya ce, "Kun san duk ran da kayana suka zo, sai an zagaya da su ɗakin? Kowa ya shaƙa ya miƙa wa na kusa. Akwai wani malamin makaranta, ya ce in gaya wa matata ta ƙara itacen sandal a turaren." Muka yi dariya muna kuka. Wannan kaɗai ya ba mu labari game da wurin, mu ma ba mu tambaye shi sauran ba.

Ranar Kirsimati ba mu yanka komai ba, ba wanda ya sa sabon kaya. Shayi ne da ka'ak. Mijin Hajja da mazan layinmu suka zo suka zauna da Baba a kan tabarma, suna ce masa, "Usta, ka bar mana famfunan unguwa duk sun lalace." Baba ya ci mai dabino guda ɗaya da rabi, haƙoransa ba su bar shi ya ƙarasa ba. Na zauna ina kallonsu: Baba, Mama, Tabita tana jingine da kafaɗarsa. A da ban taɓa sanin cewa mutum huɗu a kan tire ɗaya kyauta ce ba.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai ba. Baba ba ya yarda a rufe masa ƙofar ɗaki. Hannunsa na dama bai iya riƙe sifana ba tukuna. Ni ma har yau idan boksi ta rage gudu a layinmu sai na nemi bango na dafa. Amma yanzu na san wanda zan kira.

Ina roƙonku abu ɗaya. Layin nan yana nan, gobe ma mata za su tsaya da ƙunshinsu, kuma ba kowace aka mayar wa kaya ce amalanke ya tsaya a ƙofarta ba. Ban fi su da komai ba. Ku sa su cikin addu'a, Kirista da Musulmi. Wanda kuma yake nan da nauyin da ba inda ake karɓa, ya kai wa Yesu, ko da bai iya addu'a ba. Ni ma ban iya ba, ya ji ni.

Na gode wa Allah saboda Mama, saboda Hajja Kaltume, saboda ku duka. Na gode masa saboda babana. Ga shi can a baya, a kujerar da ke kusa da ƙofa. Idan an tashi ku je ku gaishe shi, zai ji daɗi. Sai dai don Allah ku zo masa ta gaba, a hankali, ku kira sunansa kafin ku taɓa shi.

Ɗaukaka ga sunan Yesu. Amin.