Dutsen da Ya Ƙi Shan Ruwa

Da sunan Allah nake farawa. Umda, mai garinmu, Allah ya ja zamaninka. Liman da malamai, dattawan garin nan, baƙinmu na Mai Wurno da Wad Haddad, Inna Mairama da ɗiyarmu Sabah matar mamacin, assalamu alaikum.

An ce in yi magana mai sanyi. Ba zan iya ba.

Muhandis Mujtaba Almu, injiniyanmu, ɗan ƙanwata ne. Ya kasance mai yawo da duwatsu cikin aljihu, har muna tsokanarsa ko su ya aura. Ya kasance idan ya dawo daga jami'a, gona yake fara zuwa. Ya kasance mai gaya mana gaskiya, mu kuwa ba mu so ba.

Kun tuna ranar da mutanen sharika, wato kamfanin nan, sunka zo neman izinin tura iskar hayaƙin masana'antarsu ta wani rami can ƙarƙashin ƙasarmu, wai za ta zauna har abada. Munka yanka musu rago. Ana tsakiyar shan kofi Mujtaba ya miƙe da guntun dutsen da sunka haƙo, ya ɗiga masa ruwa. Ɗigon ya tsaya dunƙule, bai bazu ba. Ya ce, “Kawu, duba. Dutsen da ke shan ruwa, ruwan ne ke toshe ƙofofinsa ya tsare iskar. Wannan ya ƙi ruwa. Za ta ratsa shi ta hau.”

Me na ce masa? Na ce, “Halas, ya isa, zauna. Ba a ƙaryata baƙo a kan tabarmarka.” Ni na faɗa, ku kuma kunka gyaɗa kai. Munka sa hannu don kada a ce ba mu da kunya.

Bana fitilar da Garba mai yasar rijiya ke saukarwa cikin rijiya don gwada iska ta mutu sau biyu. Garba ya ce laifin lagwani ne, ya shiga, ya faɗi. Duk cikinmu Mujtaba kaɗai ya san abin da ke kwance a ƙasan rijiyar, wato iskar nan da ta hau, kuma shi ne ya sauka ya ɗaura masa igiya. Ga Garba nan zaune. Mujtaba kuwa gawarsa munka jawo.

Inna Mairama, ƙanwata, ki yafe mini. Sabah, kada ki yarda a ce miki ba wanda ya sani. Ajali na Allah ne, amma sakacin namu ne.

Umda, ranar Alhamis mutanen sharika suna dawowa da takardar rami na biyu, kuma na ji an ware rago. Ga dutsen nan a hannuna, daga aljihun Mujtaba munka ciro shi. Duk mai son sa hannu, ya zo gaban Inna Mairama ya ɗiga wa dutsen ruwa tukuna.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Mujtaba, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya ba mu bakin cewa a'a ranar Alhamis. Amin.