Gumin da Na Bari Aka Kira Wutar Ruhu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa ƙaunatattu, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin rigar kowa. Ni ne Bulus, dattijo a wannan zumunta. Shekaruna hamsin da tara, abin da zan faɗa kuwa ya soma ne shekara biyu da suka shige. Da yawanku kun ga rabinsa da idanunku. Yau zan faɗi rabin da na ɓoye.

Ni ne shugaban masu gadi a wani babban ɗakin ajiyar abinci kusa da filin jirgin Hamad. Kowace safiya sai na zaga ɗakunan sanyi inda ake ajiye nama da kifi, in duba ƙofofi. Mutane suna kukan zafin Doha, ni kuwa sanyi ne ya addabe ni. Gwiwoyina suka riƙa ciwo, yatsuna suka riƙa sandarewa, ga ni mutum ne da ba ya son a ga kasawarsa.

Akwai wani abokin aikinmu, Pemba, mutumin duwatsun Nepal wajen iyakar Tibet. Shi yakan shiga ɗakin ƙanƙara da 'yar riga shara-shara, ya fito goshinsa da danshi. Wata rana na tambaye shi asirin. Ya yi dariya ya ce, "Baba, babu asiri, numfashi ne. A wurinmu ana ce masa tummo." Ya nuna mini: a zauna a harɗe ƙafafu, a ja iska, a riƙe ta ƙasan cibiya, a ƙudurta a zuci cewa akwai ɗan harshen wuta a wurin. Ya kuma gargaɗe ni, ya ce, "Kaɗan kawai, Baba. Mu ma ba ma zurfafawa sai da malami."

Na gwada, jikina ya ɗumama. Da a nan na tsaya, da ban tsaya gabanku yau ba. Amma sai na shiga neman ƙari a waya, har na faɗa kan masu koyar da abin da suke kira kundalini. Suka ce akwai wani ƙarfi naɗe kamar maciji a ƙarshen ƙashin baya, in ya farka sai ya hau zuwa ka, alamarsa kuwa zafi da gumi da rawar jiki. Ni da aka yi wa baftisma tun ina saurayi, na ji an ambaci maciji, na kawar da kai na ci gaba! Minti goma ya zama awa guda, safe da yamma. Lokacin da nake buɗe Littafi Mai Tsarki a dā, shi na mayar lokacin riƙe numfashi.

Bayan 'yan watanni zafin ya daina jiran in kira shi. Ina tafiya ina gumi, ina zaune ina gumi. Hankici uku nake ɗauka a aljihu. Ina ci kamar mai noma, amma wandona yana zamewa. Hannuwana suka soma karkarwa. Masu koyarwa na waya kuwa sun riga sun ce waɗannan alamun ci gaba ne, don haka na yi murna.

Ga inda kunyata take. Kun san al'adarmu: in mutum ya yi addu'a har riga ta jiƙe, mukan ce ya yi addu'a da gaske. To, ran Juma'a, ranar sujadarmu a ƙasar nan, na'urar sanyi tana busawa, mata sun lulluɓa da gyale, ni kuwa ina tsaye ruwa yana zuba daga haɓata. Sai na ji ana raɗa, "Baba Dattijo ya kama wuta." Wanda ya gaisa da ni ya ji tafina kamar dutsen guga, sai ya ce, "Kai, Baba, Ruhu yana aiki!" Ban taɓa cewa haka ne ba. Ban kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, zuciyata tana shan daɗi.

Mai ɗakina Saratu, daga gida, ta dube ni a waya ta ce, "Baban Ladi, yaushe ka soma barin maɓallin wuya a buɗe? Kai da ko gona za ka sai ka ɓalle shi?" Na ce zafin ƙasar Larabawa ne. Gaskiyar kuwa maɓallin ya daina kaiwa.

Wata Juma'a muka riƙe hannuwa don addu'ar rufewa. Wadda ke damana ita ce 'yar'uwa Rifkatu, nas a wani asibiti a Al-Sadd. Na ji yatsunta sun zame zuwa wuyan hannuna sun tsaya. Da aka ce amin, ta ja ni gefe.

Ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Zuciyarka tana gudu kamar ta wanda kare ya biyo."

Na ce, "'Yata, abin na ruhaniya ne, ba na allura ba."

Ta ce, "Baba, na daɗe ina taɓa masu zazzaɓi, na kuma daɗe ina bin Yesu. Ban taɓa jin Ruhu Mai Tsarki ya kumbura wa mutum wuya ba. Ka zo a gwada jininka."

Na ce mata a shekaru na haife ta. Na juya na tafi.

Mako na gaba Fasto Istifanus, da kyakkyawar zuciya, ya sanar cewa Juma'a mai zuwa Dattijo Bulus zai ɗibiya wa marasa lafiya hannu. Muna fitowa sai ga ɗan'uwa Yohanna, direban bas a Lusail, wanda ya yi wata biyu yana tari. Ya kama hannuna biyu ya ce, "Baba, an ba ni ranar ganin likita, na ce khalas, shi ke nan, na fasa. Wannan hannun naka ya ishe ni."

'Yan'uwa, ku duba fa. Ni ina wasa da raina saboda yabo, ga shi wani zai jingina nasa ran a kan ƙaryata!

Da na koma masauki da la'asar, na rufe ƙofa. A kan tabarmar da nake harɗe ƙafafu, a nan na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, na nemi ɗumi, na sami girman kai. Na bar mutanenka sun sa sunanka a kan abin da ba naka ba. Ka tona ni da kanka, kada wani ya hallaka ta dalilina." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Gumin bai tsaya ba, amma tsoron kunya ya fita daga raina sarai. Na tashi na buga wa Rifkatu waya na ce, "'Yata, tsohon nan ya yi kuskure." Na kuma gaya mata maganar Yohanna. Ta ce, "Yalla, maza, Baba, gobe da safe. Ka zo da Yohanna."

Aka gwada jinina. Likita ya ce wata ƙwaya ce a maƙogwaro take aiki fiye da kima, dangin abin da muke kira maƙoƙo a gida. Ya ce ita ke kawo zafin da ramar da karkarwar, zuciyata kuma ta wahala ƙwarai, riƙe numfashin nan yana ƙara mata nauyi. Da na ƙara jinkiri, in ji shi, da labarin ya sha bamban. Yohanna ma aka gano ciwon ƙirjinsa, aka ɗora shi a kan magani.

Ran Juma'ar da aka shirya in ɗibiya hannu, na tsaya gabanku na ce hannun nan mara lafiya ne, ku ku ɗibiya mini naku. Fasto Istifanus ne ya fara tasowa, sa'an nan dukanku. Ba wanda ya ƙyamace ni. Yabo ga Ubangiji!

Pemba ba shi da laifi a wurina. Da ya ji, ya kama kai ya ce, "Baba, ai na ce kaɗan!" Har yau muna shan shayi tare. Ni dai na ajiye abin gaba ɗaya, safiyata ta koma ga Maganar Allah.

Na yi watanni ina shan magani kuna yi mini addu'a. Sai wata Juma'a, ana tsakiyar waƙa, na ji wani abu ya ratsa bayana, tsikar jikina ta tashi. Na ɗan tsorata, kafin na gane. Sanyi ne! Ni Bulus, ina jin sanyi! Na ɗaga hannu na ɓalle maɓallin wuyana, ya shiga lafiya lau. Na juya na ce wa Yohanna, "Ɗana, ara mini rigar sanyinka." Ya cire yana dariya yana hawaye.

Saboda haka ina roƙonku, kada ku auna Ruhun Allah da gumi. In jikinku ya canza, ku yi addu'a, ku kuma je a duba ku, domin Allah yakan sa ceton mutum a yatsun yarinyar da ya raina, yana cewa ya haife ta. Ku dogara gare shi, ba ya kunyata mai tuba.

Godiya ta tabbata ga Yesu da ya mayar mini da sanyina. Ba ni kaɗai nake shaidar wannan ba: ga Fasto Istifanus, ga 'yata Rifkatu, mai ɗakina Saratu tana ji ta waya, ga kuma Yohanna can baya, wanda har yau ban mayar masa da rigarsa ba. Amin.